Almasihu Yana Nan Kafin Maryamu Ta Haife Shi, Ko Kuwa a Cikinta Ya Soma?

Kawu Tela: Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da magana, na kuma san za ta sosa wa wasu rai, amma gara a faɗe ta a fili. Na bi Matiyu da Luka ciki da bai, ban ga inda aka ce Yesu yana raye a sama kafin Maryamu ta ɗauki cikinsa ba. Matiyu da jerin kakanni ya fara, daga Ibrahim har Yusufu. A Luka 1:35 Jibra'ilu ya ce Ruhu Mai Tsarki zai sauko mata, saboda haka za a kira jaririn Ɗan Allah. Ga dalili nan daga bakin mala'ika. Bitrus ma ranar Fentikos, a Ayyukan Manzanni 2:22, mutum ya kira shi, wanda Allah ya tabbatar ta wurin mu'ujizai. Ni abin da na fahimta, Almasihu yana cikin shirin Allah tun fil azal, amma rayuwarsa a cikin Maryamu ta soma.

Mama Malamar Lahadi: Kawu, ina kwana. Da sassafen nan ka ɗebo mana wannan? To Yohanna fa, ko an yage shi daga naka Littafin ne? A sura 8 Yahudawa suka ce masa bai ko kai shekara 50 ba, yaya zai ce ya ga Ibrahim? Ya amsa cewa tun ba a haifi Ibrahim ba, shi ne. Nan take suka sunkuya ɗibar duwatsu. Mutanen da ke tsaye a gabansa sun gane abin da ya faɗa sarai. Yohanna Mai Baftisma kuma ya girme shi da wata 6, amma sau biyu a sura 1 ya ce mai zuwa a bayansa ya riga shi kasancewa.

Kawu Tela: Lafiya lau Mama, Yohanna yana nan daram. Amma ki koma aya ta 56. Ibrahim ya ga ranar Almasihu ya yi murna. Da me ya gan ta? Da bangaskiya, cikin alkawari. Haka Allah yake magana. Ya ce wa Irmiya ya san shi tun kafin ya siffata shi a ciki, ba wanda ya taɓa cewa Irmiya ya zauna a sama. Afisawa 1:4 ta ce an zaɓe mu tun kafin kafa duniya, ni da ke muna can ne? 1 Bitrus 1:20 ma cewa ta yi an riga an san Almasihu kafin kafa duniya, aka bayyana shi a ƙarshen zamani. In mutum ya kawo mini shadda, rigar tana kaina gaba ɗaya, wuya da aljihu da aikin gaba, tun almakashi bai taɓa yadin ba. Amma ba mai sa ta sai na ɗinka.

Auta: Shi ke nan, Kawu ya koma Shaidun Jehobah. Ko kuwa Ariyus ne ya dawo?

Ɗalibin Tauhidi: Auta, a bi a hankali, ba ko ɗaya. Shaidun Jehobah sun yarda Yesu ya rayu a sama kafin haihuwarsa, cewa suke shi ne Mika'ilu shugaban mala'iku. Ariyus ma, wani firist na Iskandariya a Masar, bai taɓa musun cewa Ɗan ya riga duniya ba. Abin da ya ce shi ne Ɗan halitta ne, na fari kuma mafi girma, akwai lokacin da babu shi. Taron shugabannin ikkilisiya na Nikiya a shekarar 325, wanda Sarki Kustantin ya kira, a kan wannan ya zauna: haifaffe ne ko halittacce? Duka ɓangarorin biyu da sun ji Kawu, tare za su taso masa.

Kawu yana da nasa magabatan dai. Yustin Shahidi, wani marubucin Kirista, a tsakiyar ƙarni na 2 ya ambaci masu yarda Yesu ne Almasihu amma suna cewa mutum ne haifaffen mutane, ya ce shi bai bi su ba. An tsige Bulus na Samosata daga kujerar bishop na Antakiya a 268, aka tsige Fotinus na Sirmiyum a 351, dukansu kan ra'ayi mai kama da wannan. Daga baya Fausto Sozzini, mutumin Italiya da ya rasu a Folan a 1604, ya tsara shi tsaf, mabiyansa suka buga katikisim ɗinsu na Rakow a 1605. Wata ƙungiyar Kirista da ake kira Kiristadelfiyawa suna kansa har yau. Kuma in za a yi wa Kawu adalci, malaman Yahudawa suna da irin wannan salon magana. A littafinsu na Talmud an lissafa abubuwa 7 da suka riga duniya: Attaura, tuba, gonar Adnin, Jahannama, kursiyin ɗaukaka, Haikali, da sunan Almasihu. Sunan aka ce, ba shi kansa ba.

Kawu Tela: Madalla da ɗan makaranta! Auta ka ji ko?

Ɗalibin Tauhidi: Kada ka yi saurin shafa fatiha, Kawu, ban gama ba. Akwai littafin Anuhu, wanda Ikkilisiyar Habasha ta riƙe cikin nassinta. A can ana maganar Ɗan Mutum da aka kira sunansa kafin a yi rana da taurari, aka kuma ɓoye shi a gaban Ubangiji kafin halittar duniya. Ke nan Yahudawan da ma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Malam Maƙwabci: Assalamu alaikum. Ku yi mini izini in sa baki, tunda kun saba jure ni a nan. Mu a wurinmu Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Almasihu ne, Alƙur'ani ya kira shi haka a Ali Imrana aya ta 45, ya kuma ce kalma ce daga Allah. Nisa'i 171 ta ƙara da cewa ruhi ne daga gare Shi. Amma aya ta 59 ta Ali Imrana ta yanke mana magana: misalinsa kamar Adamu ne, aka ce masa kasance, ya kasance. Batun rigaye kuwa, a A'araf 172 Allah ya riƙi alkawari daga zuriyar Adamu duka tun ba su zo duniya ba, wannan bai keɓanta da Isa ba. Ba jayayya na zo yi ba. Na dai ga Kawu ya matso kusa da tabarmarmu ne.

Kawu Tela: Wa alaikumus salam Malam. Na matso amma ban zauna ba. Ni na gaskata ya mutu a kan gicciye domin zunubaina, ya tashi a rana ta uku, yana dama ga Uba yanzu haka. A nan muka rabu.

Mama Malamar Lahadi: Sannu Malam, mun gode. Kawu, mu koma kan rigarka. A Yohanna 17:5 Yesu yana addu'a, ya roƙi Uba ya ɗaukaka shi da ɗaukakar da yake da ita tare da shi kafin duniya ta kasance. Rigar da ke kanka ta taɓa tuna zaman da ta yi da kai? Irmiya bai taɓa yin irin wannan addu'a ba. Allah ne ya ce ya san Irmiya, amma a nan Yesu ne da bakinsa yake faɗin abin da ya mallaka a can. Sai 2 Korintiyawa 8:9, inda Bulus yake tara wa matalautan Urushalima gudummawa. Ya ce Almasihu mai arziki ne, ya talauce dominmu. Yaushe ya yi arzikin? A komin dabbobi aka kwantar da shi. Da aka kai shi Haikali, 'yan tattabaru biyu ko kurciyoyi iyayensa suka iya miƙawa, hadayar da Shari'a ta sassauta wa wanda bai da halin ɗan rago. Kafinta ne a Nazarat. In ba a sama ya yi arzikin ba, nuna mini shekarar. Filibiyawa 2 haka: yana cikin surar Allah, ya wofintar da kansa, ya ɗauki surar bawa. Wanda ya wofintar da kansa ai zaɓa ya yi, shiri kuwa ba ya zaɓe.

Kawu Tela: Mama kin iya kama mutum a kwana. Amma karanta surar 17 ɗin har ƙasa. A aya ta 22 ya ce ɗaukakar da Uba ya ba shi ya ba almajiransa, har da waɗanda za su gaskata daga baya, mu ke nan. Mun karɓa a hannu? An dai ajiye mana. To shi ma ajiyayyiya ce yake roƙo. Filibiyawa kuwa, ni Adamu nake gani a ciki. An yi Adamu cikin kamannin Allah, ya miƙa hannu don ya zama kamar Allah. Yesu yana cikin wannan kamannin, ya ƙi ƙwace, ya yi biyayya har mutuwa.

Ɗalibin Tauhidi: Wannan karatun na Adamu ba Kawu kaɗai ba ne. James Dunn, masanin Sabon Alkawari ɗan Birtaniya, ya kare shi a littafinsa na 1980, ya ce sai a Yohanna koyarwar cewa Almasihu ya riga haihuwarsa ta fito ƙarara. Masana da yawa ba su bi shi ba, domin Filibiyawa 2:7 ta ce bayan ya wofintar da kansa ne ya zama cikin kamannin mutane. In dama mutum ne, me ya zama? Ni abin da ya fi ɗaure ni ma 1 Korintiyawa 8:6 ce: Allah ɗaya Uba wanda kome daga gare shi yake, Ubangiji ɗaya Yesu Almasihu wanda kome ta wurinsa yake. An rubuta wasiƙar nan kimanin shekara 25 kacal bayan gicciye, shekara 270 kafin Nikiya, kuma Bulus ya faɗa a taƙaice yana cikin maganar naman da aka yanka wa gumaka, kamar abin da kowa ya riga ya sani. Kolosiyawa 1:16 da Ibraniyawa 1:2 ma sun ce ta wurinsa aka yi halitta.

Kawu Tela: Sabuwar halitta ake nufi, wato Ikkilisiya.

Baba Dattijo: 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ina ta bin ku. Auta, kada ka ƙara laƙaba wa babba suna don ya yi tambaya. Tela, ni kuma aya ɗaya zan ba ka. Yohanna 6:62, Yesu ya ce yaya ke nan in kun ga Ɗan Mutum yana hawa inda yake a da. Inda yake a da. A surar nan ya yi ta nanata cewa daga sama ya sauko, har mutane suka yi gunaguni suna cewa ba ɗan Yusufu ba ne wannan, wanda muka san uwarsa da ubansa? Tambayarka ce suka yi, bai kuwa ce musu sun yi masa mummunar fahimta ba. Ɗalibi, mutanen Sozzini yaya suka yi da wannan?

Ɗalibin Tauhidi: Baba, cewa suka yi an ɗauke Yesu zuwa sama kafin ya fara hidima, aka koya masa, sannan ya sauko. Babu Bisharar da ta ba da wannan labari.

Baba Dattijo: To ka gani, an gudu ba a tsira ba. Sai da suka ƙaro abin da ba a rubuta ba kafin ayar ta zauna musu.

Kawu Tela: Baba, ranka ya daɗe, wannan ta yi mini nauyi, ba zan ɓoye ba, ban kuma yarda da labarin ɗauke shi ɗin ba. Amma ni ma ina da tawa da ba a amsa ba. In wanda ya yi rana da wata ne yake kwance a zanen goyo, me ya sa Luka 2:52 ta ce ya yi ta ƙaruwa da hikima? Me ya sa a Markus 13:32 ya ce Ɗan bai san ranar ba? Ibraniyawa 4:15 ta ce an jarabce shi ta kowace hanya kamar mu. Ni ban tuna wata ɗaukaka a sama sa'ad da jaraba ta zo mini. In shi yana tunawa, anya kamar mu ne? Kuma Bitrus ya yi wa'azi mutum wajen 3,000 suka tuba, bai ce uffan kan wannan ba.

Mama Malamar Lahadi: Wa'azi ɗaya ba ya ɗauke kome, Kawu. Ranar ma bai ambaci haihuwar budurwa ba, ka kuwa yarda da ita.

Baba Dattijo: Amsar Malama ta wadatar a kan Bitrus. Sauran tambayar taka kuwa ta gaske ce, ita ce ta kai ikkilisiya taron Kalsidon a 451, inda aka ce cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, ba a gauraya ba, ba a raba ba. Sun kafa iyaka ne kawai, ba su bayyana yadda jariri mai koyon magana yake zama Kalman da Yohanna 1 ta ce yana nan tun farko ba, ni ma ba zan iya ba. Amma wuyar bayani ba ta ba ni ikon share Yohanna 6. Ranar Laraba bayan addu'a za mu karanta Luka 1 da 2 da Yohanna 6 gaba ɗayansu, ba tsinke-tsinke ba. Tela, kai za ka ja mu a Luka.

Kawu Tela: Na karɓa Baba. Ɗalibi ya zo da shirin Markus 13:32, don daga nan zan fara, kuma amsar "ta wajen mutuntakarsa ne" ba za ta sallame ni ba sai ya nuna mini ita a cikin ayar.