Nikon ta saye RED, to ina kasuwar kyamarar fim ta dosa?

Ɗan Zoo Road:
Salam 'yan uwa masu sana'a. Dan Allah ina son jin ra'ayinku, tun 2024 da Nikon ta saye kamfanin RED a kan kusan dala miliyan 85 nake ganin abubuwa sun rikice, yanzu ga Nikon ZR sun fitar a 2025 wajen dala 2,200 kuma tana ɗaukar irin fayil ɗin RED, ga Blackmagic kullum sai ƙara karya farashi suke, ga Sony FX3 da aka ɗauki fim ɗin The Creator da ita aka haska a manyan sinimomi. To wai ARRI da sauran masu tsadar nan za su kai labari kuwa? Ni dai ina tara kuɗin RED Komodo ne saboda shirin da muke sakawa a YouTube, amma yanzu zuciyata ta rabu biyu.

Baban Lokeshan:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara gane cewa ARRI ba da ni da kai take ciniki ba. Kamfanin Jamus ne tun 1917, kuma manyan masu sayen kayanta kamfanonin bada haya ne, su saya su riƙa ba furodusoshi na kwanaki. Shi ya sa yajin aikin marubuta da 'yan wasan Hollywood na 2023 ya taɓa ta sosai, aiki ya tsaya, masu haya suka daina sayen sabo, kuma Alexa ɗin, wato kyamarar ARRI, da suka saya shekaru goma baya har yau tana aiki garau ba dalilin canzawa. Ingancinta ma yana cikin abin da ke hana ta ciniki.

Amma kar wani ya ce maka bambancin suna ne kawai. Ka sa jarumi baƙi wuluk cikin farar shadda da ƙarfe ɗaya na rana, ƙaramar kyamara dole ka zaɓa, ko fuska ta fito aikin wuyan rigar ya ƙone fari fat, ko ka ga zaren aikin fuska ta nutse. Alexa 35 da ta fito 2022 tana riƙe duka biyun, har zufar goshi ka gani. Wanda ya sa miliyoyin daloli a fim ba zai yi caca da wannan ba, kuma kuɗin hayar kyamara ɗan kaɗan ne a kasafinsa.

Ummi Mai Tacewa:
Gaskiya Baba na yarda da kai a saman kasuwar, amma ni a ganina yaƙin ba a can yake ba, a tsakiya yake. Kyamarorin dala dubu 10 zuwa 25 su ne ke cikin matsi, don wanda zai sayi Burano ta Sony da ta fito a dala 25,000 yanzu sai ya tsaya ya kalli URSA Cine 12K ta Blackmagic da ta fito wajen 15,000. Kuma Blackmagic suna da wayo, DaVinci Resolve, manhajarsu ta tace fim, kyauta suke badawa, in hannunka ya saba da gyaran kala a ciki to kyamararsu za ka fara tunani.

Abin da mutane basa kula da shi a cinikin Nikon shi ne haƙƙin mallakar fasaha. RED ce ke riƙe da haƙƙin matse RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da ba a sarrafa ba, a cikin kyamara, shekara da shekaru ta takura wa kowa da shi, Apple ma sun ƙalubalance shi a 2019 basu ci nasara ba, ita kanta Nikon RED ta kai ta kotu a 2022 kafin a janye ƙarar. Yau wannan haƙƙin yana hannun Nikon. Ga DJI ta China a gefe, kyamarar Ronin 4D ɗinsu aka yi shirin Adolescence na Netflix da ita, ni su nake ganin za su fi girgiza kasuwar nan gaba.

Ɗan Zoo Road:
Na gode Anti. To kenan in haƙura da Komodo?

Baban Lokeshan:
Ni da kai ne zan haƙura. Jikin kyamara shi ne rabin kuɗin ko ƙasa da haka, ga lens ga kati ga batir ga allon dubawa, ga dala yadda ta koma tun 2023, kuma in ta samu matsala sai an fita da ita waje ka zauna ba aiki. YouTube kuma zai matse hoton ne, mai kallo a waya yake gani. Ka duba lens ɗin da kake dasu, in na Sony ne ka tsaya a FX3 ko FX30, suna da fanka a ciki basa saurin ɗaukar zafi a watan Afrilu, ragowar ka zuba a fitilu da na'urar ɗaukar sauti. Ranar da aiki babba ya zo ka hayo Alexa ko RED daga Legas ka sa a kasafin furodusa.

Ummi Mai Tacewa:
Ka kuma tambayi mai tace maka kafin ka saya, in kwamfutarsa bata iya jan fayil ɗin RAW wahala za ku sha ku biyun.