Juma'ar da aka lura ba ka cikin sahu

Tela, Kasuwar Wunti:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara 9 ke nan ina sallar Juma'a a babban masallacin ƙofar fadar Sarkin Bauchi, kuma kusan wuri ɗaya nake zama, a sahun waje. A damata akwai wani dattijo, ban san sunansa ba, Baba kawai nake ce masa. Buzu yake shimfiɗawa, gashin tsakiyarsa duk ya siɗe saboda zama. Kafin liman ya hau mumbari sai ya miƙo min 'yar kwalbar turarensa in shafa. Juma'ar farko da ban gan shi ba na ce ko tafiya ya yi. A ta biyu na tarar da wani yaro zaune a wurinsa kan kwali. Wallahi rabin huɗubar nan ba ta shiga kunnena ba. Da aka sallame, mai sayar da asuwaki ya ce min wajen Ƙofar Ran yake. Muka yi ta tambaya gida-gida har muka same shi a ɗakin soro, kusan sati 2 yana kwance da ciwon ƙafa, 'ya'yansa duk ba sa gari. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ashe an san ba na nan?"

Akwai wanda ya taɓa cigiyar abokin sahunsa, ko aka yi cigiyarsa?

Direban haya, Bauchi zuwa Gombe:
Wa alaikumus salam. Na san Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma in ta riske ni a hanya ina tsayawa a Alkaleri. Wasu fasinjoji su yi mita, wasu su sauko a yi tare. Da injina ya buga na yi sati 3 ban hau titi ba, sai ga kiran wani mai ruwan leda da nake sayen ruwan alwala a wurinsa. A jikin motata ya taɓa kwafar lambar. Lafiya kawai ya tambaya.

Uwargida, Fadaman Mada:
Yayana tela, ka taɓo min inda yake ciwo. Mu mata ba a ɗora mana zuwa ba, amma mu ke wanki da guga tun Alhamis, mu turara kaya, mu soya masar sadaka. Don haka in maigida ya daina fita, mu ke fara sani. Shekarar da jarinsa ya karye, bashi ya yi masa katutu, kunyar haɗa ido da mutane ta hana shi zuwa. In ladan ya kira sai ya shige ɗaki ya yi azahar. Na yi magana har na gaji. A Juma'a ta uku, ana saukowa, mutum 3 suka yi sallama a zaure, ɗaya cikinsu ma yana binsa kuɗi. Ina jinsu ta bayan labule. Ba wanda ya ambaci bashin. Suka ce wurinsa yana nan, sati mai zuwa za su biyo a tafi tare. Bayan tafiyarsu na ga kwano 5 na masara a bakin zaure. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun da abin ya faru.

Malamin Islamiyya, Yelwa:
Allah ya saka musu da alheri, Hajiya, sun zo a kan gaɓa. Ya zo a hadisi cewa wanda ya bar Juma'a uku don sakaci Allah zai rufe zuciyarsa. A aya ta 9 ta Suratul Jumu'a an ce a bar ciniki a tafi ga ambaton Allah, a ta 10 kuma aka ce in an gama a watsu a nemi falalarsa. Ga wani abin da nake yawan faɗa wa ɗalibaina: a wurin malaman Malikiyya Juma'a ba ta inganta sai da maza 12 mazauna gari, ban da liman, kuma su tsaya tun daga huɗuba har sallama. Salla ce da ake ƙirga mutane a cikinta tun asali. Ni ma da na kwanta asibiti, wanda ya fara leƙo ni ɗan agajin da ke gyara mana sahu ne.

Dattijo, Jahun:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma a bar ni in faɗi tawa. Muna yara gari ɗaya ake haɗuwa a ƙofar fada, ka ga na Nasarawa, ka ga na Ƙofar Wambai. Yanzu masallatai sun yawaita, alheri ne, gari ya faɗaɗa. Sai dai yaro ya iso a huɗuba ta biyu, waya a hannu, ana sallama ya haye babur. Wa ya san shi, balle a yi cigiyarsa? Maƙwabcina ya rasu, sai bayan sadakar uku mutanen sahunsa suka ji.

Mai shago, Muda Lawal:
Baba, ba mu da ta cewa. Ni sai a 2020, da korona ta sa aka dakatar da Juma'a cikin azumi, na gane yawan mutanen da ban san gidajensu ba. Da aka buɗe, fuska 2 ba su dawo sahunmu ba, har yau ban san inda zan tambaya ba. Tun lokacin nake karɓar lambar na dama da na hagu.

Tela, Kasuwar Wunti:
Na gode ƙwarai. Ƙafar Baba ta fara saɓewa, yana dogara sanda zuwa bakin zaure. Ya ce jibi sai ya je. Buzun yana wurina, zan riga shi in shimfiɗa. Wani mai Keke Napep ya yi alkawarin ɗauko shi da ƙarfe 12, saura wanda zai taya ni riƙe shi wajen sauka.