Ɗana tilo ba ya sakewa da mutane

Tambaya, daga wani ƙauye kusa da Ringim:
Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 6, shi kaɗai Allah ya ba mu. Baƙo na yin sallama sai ya shige bayan randa. Ranar suna ma zanina yake riƙewa gam. Rashin 'yan'uwa ne?

Amsa:
Yaya, ni ma tilo ce. Yawan tsaro ne ya cuce ni, Innarmu ko dandali ba ta barina zuwa.

Amsa:
Ki riƙa aikensa sayen ƙosai maƙwabta, ya yi ciniki da bakinsa. Kuma ki daina cewa "ai kunya gare shi" a gabansa, yana ji.

Amsa:
Da kaka ki kai shi gidan kawunsa, ya bi yara roron gyaɗa.