Taƙaitawa: gajeren bugun golf idan ƙwallo ta kwanta a mugun wuri

A gajeren bugu, wato bugun da ake yi idan an kusa rami, abin farko shi ne a duba kwanciyar ƙwallo kafin a zaɓi sanda. A busasshiyar ƙasa mai tauri, weji (sanda mai kwantacciyar fuska da ke ɗaga ƙwallo sama) mai faɗin gindi yakan daki ƙasa ya yi tsalle, bakinsa ya sari ƙwallo a tsakiyarta, ta wuce rami da gudu. Gara a ɗauki sanda mai lamba 9 ko 8, a matso kusa da ƙwallo, a ɗan ɗaga dugadugin sandar, wato ɓangaren kanta da ke kusa da ƙota. Ƙwallo ta koma wajen ƙafar baya, hannuwa su ɗan riga ta, kashi 60 zuwa 70 na nauyin jiki ya zauna a ƙafar gaba har a gama bugu. Idan hanya sumul ce, a gangara ta da fota kawai, wato sandar mirgina ƙwallo a ƙasa.

Cikin ciyawa mai kauri kuwa, weji mai karkatar fuska digiri 56 ya fi. A lanƙwasa wuyan hannu da wuri don sanda ta sauko a tsaye, a kuma ƙara damƙa, domin ciyawa tana naɗe wuyan sanda ta rufe fuskarta. Ƙwallon za ta fito ba juyi sosai, saboda haka a sauke ta tun da nisa kafin rami, a bar mata wurin gangarawa.

Kuskuren da ya fi yawa, a ganina, shi ne ƙoƙarin kwasar ƙwallo sama da hannu, ko rage ƙarfi dab da bugu. Kada kuma a tattake ciyawar bayan ƙwallo don gyara wuri: a wasan ƙirgen bugu, inda mai mafi ƙarancin bugu ke cin wasa, tararsa ƙarin bugu 2 ce.