Wandon iska: yana saukar da bugun zuciya ne ko tausa ce mai tsada?

Mai tsaron gida: Jama'a, kun ga wandon nan da 'yan wasan NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ke zura ƙafafu a ciki bayan wasa, irin na kamfanin Normatec? Iska yake hurawa, ya matse daga tafin ƙafa har cinya, ya saki, ya sake matsewa. An ce yana kora jini ya koma zuciya, bugunta ya sauka da wuri. Ni dai na ce wanda ke da shi ba ya bukatar sassarfar huce jiki.

Koci: A'a yarona, nan kam ban bi ka ba. Aikin da wandon ke yi, sharaɓarka na yin sa kyauta. Duk takun da ka yi, naman sharaɓa na matse jijiyoyi ya tura jini sama. Shi ya sa in ka gama gudu mai tsanani ka tsaya cak, jini ke taruwa a ƙafafu, jiri ya ɗebe ka, wani ma ya faɗi. Kafin ka zauna ka ja zif ka kunna inji, mintunan farko da suka fi muhimmanci sun wuce.

Anti Nas: Koci ya yi gaskiya, amma kada ku raina na'urar. Daga asibiti ta fito. Irinta muke ɗaura wa wanda aka yi wa tiyata yake kwance, don kada jini ya daskare masa a ƙafa, da masu kumburin ƙafa. Likita ce ma, Laura Jacobs, ta kafa Normatec a Amurka a 1998, kamfanin Hyperice ya saye shi a 2020. Sai dai mara lafiyar da ba ya motsi daban, ƙaton da ya gama minti 90 daban.

Ɗan gudun famfalaki: Anti, ni na gwada a wani wurin motsa jiki bayan atisayen hawan tudu. Minti 30, na tashi ƙafafuna sakayau, washegari tsamin jikin bai kai na kullum ba. Kar a ce min ƙarya jikina ke yi.

Koci: Ba wanda ya ce haka. Sauƙin tsamin jiki shi ne inda aka fi samun shaida, ko da yake ba mai yawa ba ce. Amma magana ake kan zuciya. Abin da ke saukar da bugu a mintin farko jijiyar da ke taka wa zuciya birki ce, kuma horo ne ke ƙarfafa ta. Binciken da aka buga a 1999 ya nuna wanda bugunsa bai sauka fiye da 12 ba a minti ɗaya bayan gwajin gudu ya fi shiga haɗarin mutuwa. Wando ba ya saya maka wannan.

Mai tsaron gida: To laktik fa, sinadarin nan da ke taruwa a jiki in an yi gudu mai tsanani? Ai wandon yana wanke shi.

Anti Nas: Laktik yana gushewa da kansa cikin kamar awa ɗaya, tafiya a hankali ma na hanzarta shi. Kuma ba shi ke kawo tsamin da ke tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku ba. Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne EECP, wani injin matse ƙafafu na asibiti da ake yi wa masu ciwon ƙirji amfani da shi. Shi wannan ana haɗa shi da na'urar auna zuciya, ya matse daidai lokacin da take hutawa tsakanin bugu, zama 35 na awa guda-guda. Wandon 'yan wasa bai san lokacin da zuciyarka ke bugawa ba.

Ɗan gudun famfalaki: Duk da haka in na samu zan sa.

Anti Nas: Sa abinka ƙanena, bayan ka taka ka sha ruwa. Amma duk mai gudan jini a ƙafa, ko toshewar jijiyoyin ƙafa, ko gazawar zuciya, kada ya kusance shi sai likita ya yarda. Sharaɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, asibiti za a nufa.

Mai tsaron gida: Koci, to ko ƙungiya za ta saya mana ɗaya mu riƙa karɓa-karɓa?

Koci: Ku fara biyan kuɗin jesi tukuna.