Vincenzo: wai azzalumi sai azzalumi ne ke maganinsa?

Maman Iman
Assalamu alaikum. Ina tsakiyar kallon Vincenzo, shirin Koriya ta Kudu da tashar tvN ta nuna a 2021, kuma wani abu ya tsaya min a rai. Tun da aka kashe lauya Hong Yoo-chan, dattijon da ya tsaya wa masu ƙaramin ƙarfi daga ɗan ofishinsa na Geumga Plaza, na daina tausayin kowa a kamfanin Babel. Da Vincenzo ya banka wa ma'ajiyarsu wuta, wallahi sanyi na ji a zuciyata. To amma shi ma lauyan 'yan mafiyar Italiya ne, zinaren da aka ɓoye ƙarƙashin ginin ne ya dawo da shi Seoul, ba kishin gaskiya ba. Abin da shirin ke son koya mana kenan, cewa mugu sai mugu?

Abu Sadik
Wa alaikumus salam, Maman Iman. Kusan haka ne, kuma ba su ɓoye ba. Dubi dattijon nan: ya bi doka tsaf, ya tara shaidu, aka gama da shi. Wadda ta kitsa kisan, Choi Myung-hee, tsohuwar mai gabatar da ƙara ce da ta koma ofishin lauyoyin Wusang masu kare Babel. Ke nan kotun ma tana aljihunsu.

'Yan Koriya sun san wannan ciwon. Manyan kamfanoninsu irin su Samsung da Hyundai a hannun iyalai suke, ana gadonsu daga uba zuwa ɗa. A watan Janairun 2021, wata guda kafin a fara shirin, kotu ta yanke wa Lee Jae-yong na Samsung ɗaurin shekara 2 da rabi kan cin hancin da ya shafi tsohuwar shugabar ƙasa Park Geun-hye. Watan Agusta aka sake shi, a 2022 aka yi masa afuwa. Wanda ya ga haka da idonsa, me zai hana shi jin daɗin wutar Vincenzo?

Yaya Binta
Ni ban yarda ba, ƙanwata. Abin da ya taɓa ni shi ne Hong Cha-young, lauya kuma 'yar dattijo Hong Yoo-chan. Tana Wusang tana kare Babel, tana ganin mahaifinta a matsayin wanda bai san duniya ba, sai da ta rasa shi ta zauna kan kujerarsa. Ga kuma 'yan hayar ginin, da mai wankin kaya da mai gidan abinci, da suka ƙi tashi duk barazanar da aka yi musu. Ba don su ba, Vincenzo ya kwashe zinarensa ya ƙara gaba. Kuma ki shirya, kashi 20 ne, ramuwar ƙarshe tana da muni ƙwarai. Ni kam kau da kai na yi.

Malam Nura
Idan kina son ganin wanda ya yaƙi rashawa ba tare da ya zubar da jini ba, ki nemi Stranger na 2017. Mai gabatar da ƙara Hwang Si-mok ne yake tona asirin ofishinsu. Shirin yana tafiya a hankali, sai an yi haƙuri.

Maman Iman
Na gode muku duka. Yaya Binta, zan ƙarasa shi, amma daga yau zan riƙa lura da Cha-young sosai. Malam Nura, Stranger ɗin kashi nawa ne?