Muhawara: Ya dace a ba ɗalibin kwamfuta maki a kan rubutun bayani?

Aminu: Jama'a, malaminmu na kwas ɗin rubuta manhaja ya ware kashi 20 cikin 100 na maki ga rubutun mako-mako. Kowa zai bayyana abin da ya gina, inda ya maƙale da yadda ya fita, sauran 'yan aji su karanta. Ni dai na ce ɓata lokaci ne. Manhaja in ta yi aiki ta yi aiki, mu ba 'yan sashen adabi ba ne.

Malam Bala: Ta yi aiki a hannun wa, Aminu? Ina koyar da kwas irin wannan. Ɗalibi zai kawo aiki tas, ya ci duk gwajin da aka yi masa. Sai in sa yatsa a layi ɗaya in ce, "Me ya sa ƙirgenka ya fara daga 0 ba daga 1 ba?" Sai ya ƙura wa allon kwamfuta ido yana sosa ƙeya. Kwafowa ya yi. Da an sa shi ya rubuta dalilinsa cikin layi biyar, da tun makon farko na gane.

Hauwa: Malam, da girmamawa, wannan hujjar ta tsufa. Tun da ChatGPT, manhajar da ke tsara rubutu da kanta, ya fito a Nuwamban 2022, bayanin ma ana kwafowa, har ya fi lambobin da ake rubuta manhaja da su sauƙin kwafowa. Lambobi dai akwai manhajar MOSS, da Alex Aiken ya ƙirƙira a 1994, yana kama ayyukan da suka yi kama da juna ko an sauya sunaye. Me zai kama sakin layin da na'ura ta tsara?

Malam Bala: Bakina ne zai kama shi, Malama Hauwa. Minti uku na tambaya a gaban aji sun isa. Wanda bai rubuta ba, ba zai iya kare shi ba.

Hauwa: A ajin mutum nawa? Ka lissafa minti ukun nan sau ɗaruruwan ɗalibai, kowane mako.

Injiniya Sadiya: Ku bar ni in sa baki a matsayin wadda ke aiki a fagen. Rabin yinina rubutu ne. Duk gyaran da ka adana a Git, ma'ajiyar sauye-sauyen manhaja, sai ka haɗa shi da saƙon da ke faɗin abin da ka sauya. Wani ya rubuta "gyara" kawai ya bar aiki, bayan shekara biyu kai ne za ka kwana kana neman me ya gyara. Rahoton matsala kuwa, in ba ka jera matakan da za a bi a sake ganin matsalar ba, babu mai kula ka. Masanin kwamfuta Edsger Dijkstra, wanda ya karɓi babbar lambar yabon fagen, ta Turing, a 1972, ya rubuta a 1975 cewa bayan son lissafi, babu kadarar da ta fi ƙwarewa a harshen uwa ga mai rubuta manhaja.

Aminu: Yawwa Anti, harshen uwa ya ce. Mu kuma da Turanci ake sa mu rubuta. Akwai wani a ajinmu da babu mai kama ƙafarsa a lissafi, amma ana zabtare masa maki saboda nahawu. Wannan adalci ne?

Malam Bala: A nan kana da gaskiya. In malami yana yanke maki a kan waƙafi da aya, ya bar hanya. Ni abin da nake dubawa shi ne ko ɗalibi ya faɗi abin da ya gwada ya ƙi, da dalilin ƙin.

Hauwa: To a rubuta hakan a takardar kwas tun farkon zango. Kuma har yanzu ban yarda da karanta wa 'yan aji ba. Wa zai fallasa inda ya kasa alhali abokansa na kallo, ga maki a kai? Kowa zai shafa wa labarinsa mai.

Aminu: Malam, kai ɗalibanka su kaɗai suke miƙa maka, ko kowa na gani?